Jawabi na Shida: Idan Za Ki Ci Rance Don Ki Ba Ɗanki Jari

Kafin a buɗe akwati yau, ina so mu taɓa wata magana da da yawanmu ke kwana da ita a rai. Yaro ya gama makaranta, wani ma har da hidimar ƙasa, takardu na ƙarƙashin katifa, aiki shiru.

Kada mu ɗora komai a kan lalacin yaranmu. Bankin Raya Ƙasashen Afirka ya ƙiyasta cewa matasa miliyan 10 zuwa 12 ke fitowa neman aiki duk shekara a nahiyar nan, guraben aikin albashi kuwa kusan miliyan 3 ne kacal. A nan Najeriya, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na masu aiki sana'ar kansu suke yi. Ke nan takardar ɗaukar aikin da yaron ke jira, kaɗan ne ke samunta.

To, sai uwa ta ce bari in ci rance a ƙungiya in ba shi jari. Ni ban hana ba. Amma sunan wa sakatariya za ta rubuta a littafi? Naki. Dokarmu kun san ta: rance ba ya wuce ninki uku na abin da kika tara, kuma cikin wata uku ake biya. Ranar biya ba yaron za a kira ba, ke za ki tsaya a gaban mata. Kuɗin nan kuma na mai ƙosai ne, na mai dakau ne, na wadda ta hana cikinta ta kawo zubi.

Don haka ki tambaye shi, kuɗin nan yaushe za su dawo? Akwai sana'ar da ke juyawa kullum ko duk mako, irin su awara, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, cajin waya, sayar da kati. Wannan tana iya ɗaukar rance. Akwai kuma mai jinkiri: ragon da za a kiwata sai babbar salla, ko keken ɗinki a hannun yarinyar da ba ta gama koyo ba. Wata uku za su cika keken bai kawo ko sisi ba, sai ki koma sayar da kwanukanki. Irin wannan a jira rabon ƙarshen shekara, ki sayo da kuɗinki na kanki, babu mai binki.

Yawancin samarinmu yanzu POS za su ce. Ki ce ya je ya ƙirga masu POS nawa ne a layin tukuna. Mai cajin waya kuma ya fara lissafa man janareto, don tun da aka cire tallafin fetur a 2023 lissafin da ya canza.

Sai babbar matsalar, cin uwar kuɗi. Ciniki daban, riba daban. Ya sayar da kayan naira 10,000, na 8,000 ya saro, to 2,000 ce tasa, a cikinta ma za a cire na biyan rance. Ki sa masa gwangwani biyu, ki riƙa dubawa duk Juma'a. Mu ma iyaye mu ji tsoron Allah, kada jarin yaro ya zama na cefane, ko a ce ba wa kawunka bashi. 'Ya mace kuma jarinta ba kuɗin kayan ɗaki ba ne.

Duk mai son rance saboda ɗanta ko 'yarta, mako mai zuwa ta zo da lissafin a rubuce, nawa za a saro, nawa za a sayar, nawa za a cire duk mako. In ba ki iya rubutu ba, yaron ya rubuta, ai don haka aka sa shi makaranta. Masu makullai, bismillah, ku matso.