Maginan Da Suka Aza Harsashi A Kan Ƙanƙara



A darasin labarin ƙasa duk mun haddace cewa Amundsen ne ya fara taka ƙuryar kudu ta duniya a 1911, Scott ya biyo shi a 1912. To, su tuta suka kafa suka juyo. Yau zancena a kan waɗanda suka je suka yi gini ne.

A ƙarshen 1955 Amurka ta tura maginan sojan ruwanta zuwa nahiyar Antatika, don su tanadar wa masana kimiyya mazauni kafin babban binciken ƙasa da ƙasa na 1957 zuwa 1958. Suka fara da sansanin McMurdo a bakin teku. Nan ne a Janairun 1956 ƙanƙara ta fashe, katafila ta nutse da direbanta, Richard Williams.

A Nuwamban 1956 jirgin sama ya sauke Laftanar Richard Bowers da mutanensa kimanin mil 8 daga ƙuryar. Fili ne fetal, ba dutse ba itace, to yaya za a gane wurin? Da rana ya gane shi. A wannan lokaci na shekara rana ba ta faɗuwa a can, kewaya sama take yi. In kana daidai kan ƙuryar, tsayinta kusan ɗaya ne dare da rana. In ka kauce, sai ta ɗan hau ta wani gefe, ta sauko ta wani. Ya yi ta awo har ya sami wurin.

Katako da man fetur duk da laima aka jefo su daga sama. Mutum 24 suka harhaɗa ɗakunan cikin 'yan makonni, a tudun da ya haura mita 2,800, inda numfashi ke wuya. A 1957 mutum 18 suka shafe daren wata shida a ciki, sanyi ya zarce digiri 70 ƙasa da sifiri, kuma babu jirgin da zai iya kai musu ɗauki. Da maginan sun yi ha'inci, da ba mai fitowa da rai.

Tashar sunan Amundsen da Scott aka sa mata. Ƙanƙara ta binne ginin farko, aka bar shi a 1975, amma bincike bai tsaya ba.

Mu ma'aikata, galibin aikinmu irin wannan ne: ba a rubuta sunanka, amma rayuwar wasu na kan ingancinsa. Malamanmu, ku kuka fara yi mana shi. Allah Ya saka muku da alheri.