Kafin Mu Ƙara Gudu, Mu Tambayi Gwiwa



Abin farin ciki ne yadda 'ya'yanmu mazauna Abuja, Kaduna da Legas suka rungumi motsa jiki saboda tsoron hawan jini da ciwon suga. Damuwarmu ita ce gaggawa. Mutum ya shekara goma daga kujerar ofis sai kujerar mota, ya dawo Sakkwato hutun salla, washegari da asuba ya nufi filin wasa na Giginya zai yi tsere da samari. Da yawa irin wannan tsere a gidan maɗori yake ƙarewa.

Mu tuna da 'yan kokawarmu na ƙauye. Ba sa shiga fage sai da kaka, bayan sun shafe damina suna huɗa da noma. Watannin nan ne ke ƙarfafa musu ƙashi da jijiya. Mu da muka koyar da wasannin motsa jiki a firamare mun daɗe da sanin haka: numfashi yakan saba da gudu cikin 'yan makonni, amma ƙashi da agara sai sun ɗauki watanni. A nan tarkon yake. Mutum ya ji ya daina haki, sai ya ninka tafiyar, alhali duk takun gudu yana ɗora wa ƙafa nauyin jiki ninki 2 zuwa 3. Daga nan sai ciwon ƙwauri, kumburin gwiwa, wani lokaci har tsagewar ƙashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta nemi baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma tafiya da sauri ma tana ciki. Mu fara da ita, sannan mu gauraya ta da sassarfa. Masu horarwa kan ce kada ƙarin mako ya wuce kashi 10 cikin 100. Kada a haɗa ƙarin nisa da ƙarin sauri a mako ɗaya, kuma a bar kwana guda tsakanin gudu da gudu. Takalmin da ya cinye, a yi haƙuri a sake shi.

Zafin Afrilu a garin nan yakan haura digiri 40, don haka asuba ce lokacinmu, da ruwa a hannu. Ciwon da ya tsaya wuri ɗaya a ƙashi, ko ya sa ɗingishi, ba gajiya ba ce. A dakata, a ga likita. Mai hawan jini kuwa ya fara ganin likitan tun kafin ya ɗaura takalmi.