Me Ya Kawo Mu Zango?

An roƙe mu mu yi magana a kan dalilin da ya sa Allah ya halicci mutum. Tambaya ce babba, amma sunan unguwar da muke zaune ya isa ya fara koya mana.

Zango wurin sauka ne. Sa'ad da kakanninmu fatake suke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, sukan yi wata da watanni a hanya, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su bi ta Yendi har Salaga. Inda madugu ya ce a sauke kaya, nan ne zango. A ɗaure dabbobi, a hura wuta, a kwana, gari ya waye a yi gaba. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, Turawa kuma suka kama Kumasi a 1896, sai 'yan kasuwa suka riƙa gangarowa kurmi inda goron yake. Zangon kwana ɗaya ya zama na shekaru, har aka haifi 'ya'ya da jikoki a Aboabo da Asawase, amma sunan yana nan.

To, cikin ayarin nan duka ba wanda bai san abin da ya fito nema ba. Ko yaron da ke kora jaki, in an tambaye shi, zai ce goro. Ya san ubangidan da ya aike shi, ya san akwai ranar da za a kwance huhu a yi lissafi. Amma mutum yakan yi shekara saba'in a duniya, ya yi aure, ya gina gida, in ka ce masa, wa ya aiko ka, me ka zo yi, sai ya sunkuyar da kai. Wani ya ce neman abinci ya zo. Ai jaki ma yana neman abinci, ba shi kuwa kwana yana juyayi kamar yadda mu muke yi.

Littafin Farawa ya nuna mana Allah ya yi mutum cikin kamanninsa, ya ba shi gona ya lura da ita, yana kuma magana da shi. Watau ya yi mu domin kansa, mu san shi, mu ƙaunace shi, mu riƙe amanar da ya danƙa mana. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke zaman mutunci da su, suna cewa an halicci mutum domin ya bauta wa Allah, ba mu kuwa musun wannan. Abin da bishara ta ƙara mana shi ne, Ubangiji yana so ya mai da mu 'ya'yansa. Bara yakan karɓi ladansa ya tafi, ɗa kuwa yana da gādo. Duk mun san labarin yaron da aka ba jari ya zo fatauci, ya cinye, kunya ta hana shi komawa gida, har ya tsufa a zango. Haka zunubi ya yi da mu. Yesu ya biya bashin nan da ransa a kan gicciye, ya tashi daga matattu, domin mai jin kunya ya iya komawa.

Bikin da ya tara mu ma daga nan ya samo asali. Cikin Littafin Firistoci, sura 25, an umarci Isra'ilawa su busa ƙaho a shekara ta hamsin, a saki wanda talauci ya sa ya sayar da kansa, gonar da aka sayar ta koma hannun masu ita. Dalilin da aka ba su shi ne ƙasa ta Allah ce, su baƙi ne a wurinsa. Mutanen Zango ba su bukatar a fassara musu wannan. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Ghana. Mutane suka sayar da kayansu a wulaƙance, suka hau manyan motoci zuwa Nijeriya da Nijar, waɗansu ma a nan aka haife su, ba su taɓa ganin ƙasar da ake ce tasu ba. Wanda ya ɗauka gidansa da rumfarsa su ne dalilin zamansa a duniya, a kwana goma sha huɗu ya ga an raba shi da su.

Muna sane waɗansunku sun sha irin wannan kora a cikin gidan ubansu. An daina cin abinci da ku, an fasa ba ku aure, har akwai mai tunanin wa zai binne shi. Ba mu rena wannan zafi ba. Amma kada ya sa ku ce ranku ya zama banza, kada kuma ku daina gaishe da iyayenku da kai musu abin da kuka samu. Fritz Ramseyer na mishan ɗin Basel, sojojin Asante suka kama shi da matarsa a 1869, ɗansu ƙarami ya mutu a hanya, suka zauna a tsare a Kumasi har 1874. A 1896 ya komo garin nan da ƙafarsa ya kafa aikin bishara. Mutum ba ya komawa inda ya sha wuya haka sai in ya san wanda ya aike shi.

Zaman baƙunci ba zaman banza ba ne. Mai awo ya cika mudu, tela ya cika alkawari, gama aikin ubangidanmu ne. Ku tuna kuma da 'yan matan nan na arewa masu dako a kasuwar Kejetia, da yawansu suna kwana a bakin shaguna, ba wanda ya taɓa gaya musu cikin kamannin wa aka yi su. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki duka da Hausa, bisa ga wahalar Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa. Muna roƙon iyayenmu mata da suka iya karatu, kowace ta nemi yarinya ɗaya cikin shekaran nan, ta ba ta tuwo da wurin kwana in da hali, ta kuma zauna da ita da dare ta koya mata baƙaƙe.