Cibiyar da ta sa wa aikin manhaja ma'auni



A shekarar 1984, Ma'aikatar Tsaron Amurka ta gaji da manhajojin da ke zuwa a makare, ga tsada, ga kurakurai. Sai ta ɗauki nauyin kafa cibiyar SEI a Jami'ar Carnegie Mellon da ke birnin Pittsburgh.

A can Watts Humphrey, tsohon ma'aikacin IBM, ya jagoranci samar da ma'auni mai hawa 5 na tantance kamfanonin manhaja. A hawan farko, komai na kan gwani ɗaya ne: ranar da ya ajiye aiki, aiki ya tsaya cik. A hawa na biyar kuwa, ana ƙirga kowane kuskure, a bi sawunsa, a toshe kafar da ya shigo. Kamfanonin Indiya sun rungumi ma'aunin, ya buɗe musu ƙofar kwangilolin ƙetare.

A 1988, da tsutsar kwamfutar Morris ta durƙusar da dubban na'urori, a wannan cibiya aka kafa rundunar kai ɗaukin gaggawa ta CERT.

Shugabannin jami'o'inmu, koyar da rubuta manhaja kaɗai bai wadatar ba. A haɗa wa ɗalibai da tsarin aiki da gwaji.