Alamomin Da Ake Gane Giya Ta Kama Mutum

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, a Talata Mafara)



Mai girma shugaban taro, malamanmu kuma iyayenmu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai daga Mafara da Bakura da Maradun, ina yi muku barka da zuwa.

Na zaɓi wannan magana ne saboda wani ɗan ajinmu da muka raka makwancinsa, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Allah Ya gafarta masa. Shekaru muna ganin yana ramewa, yana yawan neman rance, yana guje wa taronmu, muna cewa halin rayuwa ne. Sai da hanta ta lalace sannan muka san giya ce. Da mun gane da wuri, wataƙila da mun yi wani abu.

Wani zai ce, ina giya a Zamfara? Gaskiya ne, muna yara Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, aka hana sayar da giya da shanta. To amma wanda ta riga ta kama ba ya bari don an rufe mashaya, ɓuya yake yi. Ga kuma 'yan'uwanmu da aiki ko fatauci ya kai su Legas da Abuja da Fatakwal, inda babu mai sa musu ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya a shekarar 2019.

Ga alamomin da ya kamata mu lura da su.

Na farko, abin da yake bugar da shi a da ba ya isarsa yanzu, sai ya ƙara, domin jiki ya saba.

Na biyu, ya sha yin rantsuwar ya bari, bayan 'yan kwanaki ya koma.

Na uku, ɓoyo da ƙarya. Kullum bakinsa da goro ko alewa, jikinsa da turare mai yawa, ga fita da dare ba dalili, ga fushi da zarar an tambaye shi.

Na huɗu, sakaci da haƙƙi. Albashi ya ƙare kafin tsakiyar wata, cefane ya gagara, a makara ofis, a daina ganinsa a sahun Asuba.

Na biyar, wadda ta fi kowace nauyi: idan ya yi sa'o'i 6 zuwa 24 bai sha ba, sai hannu ya kama rawa, ga gumi, ga tashin zuciya, ga rashin barci, kuma ba ya daidaita sai ya kurɓa da safe.

A nan nake roƙon ku saurara da kyau. Wanda ya kai wannan matsayi, idan aka kulle shi a ɗaki aka yanke masa sha gaba ɗaya, yana iya faɗuwa kamar mai farfaɗiya, kuma a kwana na 2 ko na 3 ya rikice, yana gane-gane da surutai. Sau da yawa iyali kan ce iska ce ta taɓa shi, alhali ciwo ne da ke iya kisa. Asibiti za a kai shi nan take. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, kusa da Sakkwato, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. A haɗa addu'a da magani.

Malamanmu sun karantar da mu cewa haramcin giya daki-daki ya sauka, daga Suratul Baƙara zuwa Nisa'i, har aka yanke hukunci a Ma'ida. Haramun ce, babu shakka, amma wannan ya nuna mana cewa raba mutum da abin da ya saba yana bukatar hikima da haƙuri.

Saboda haka idan ka ga waɗannan alamomi ga ɗan'uwa, ka same shi a keɓe, lokacin da yake cikin hayyacinsa, ka faɗa masa abin da idonka ya gani, ban da gori, ban da tonon asiri. Kada ka ba shi kuɗi a hannu. Kai hatsi gidansa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Daga ƙarshe, ina ba shugabannin ƙungiya shawara su kafa kwamiti na mutum uku masu riƙon amana, har da ma'aikacin lafiya guda daga cikinmu, wanda matar ɗan'uwa ko mahaifinsa za su iya tunkara a asirce.

Allah Ya shirye mu da zuriyarmu, Ya saka wa malamanmu da alheri.