Tsamin Zoɓo da Zaƙin Dalma

  Yau shirin ya shiga madafa ne, ya tsaya a bakin tukunyar zoɓo, domin a duba ɗanɗanonsa da ƙamshinsa da kwanakin da yake iya yi a ajiye, da kuma wata guba da harshe ba ya ganewa.

Duk wanda ya ratsa gonakin Abare da Anka da Bukkuyum a Zamfara da kaka ya san tsiron nan mai jan kara da ake jerawa a gefen gero ko dawa. Kanawa yakuwa suke ce masa, mutanen ƙasar Zamfara da Sakkwato kuma sure. Tsiro ɗaya ne mai ciyar da gida ta hanya uku. Ganyensa na miya ne da fate. 'Ya'yansa, gurguzu, su ake dafawa a rufe su yi kwanaki har su zama daddawar batso. Sai kuma ɗan kokon nan mai kauri da ke rungume da 'ya'yan bayan fure ya faɗi, shi ake ɓarewa a shanya, shi ne zoɓo ko soɓo. Iri biyu ne a hannun mata: akwai ja, wani har ya yi duhu kamar baƙi, akwai kuma fari mai ɗan kore-kore, wanda aka fi sakawa a miya saboda tsaminsa.

Wannan kayan gefen gona ya yi nisa a duniya. Daga kasuwar Maigatari ta Jigawa da ta Dawanau a Kano ake cika manyan motoci da shi zuwa tashar jiragen ruwa, kuma ƙasar Meziko na cikin manyan masu saye. Can hamaika suke kiransa. A Sanagal bisaf ne, a Masar da Sudan karkade.

A ƙasashen da ke noman inabi, irin su Faransa da Italiya da Sifen, su ma abin shansu ja ne da fari, sai dai nasu giya ce. Giya haramun ce ga Musulmi, kuma Zamfara ta hana sayar da ita tun da shari'a ta fara aiki a jihar cikin Janairun 2000. Amma ilimin da masanan can suka tara shekaru aru-aru a kan launi da tsami da ajiya, ilimi ne da ke aiki a kan kowane ruwan 'ya'yan itace, har da wanda uwargida ke ƙullawa a leda a Abare.

Ruwan cikin inabi kusan duk fari ne, ko da fatarsa baƙa ce. Idan aka matse aka zubar da fatar, sai a sami farar giya. Idan aka bar ruwan ya tsimu da fatar da 'ya'yan, sai ya yi ja. Abu biyu fatar ke bayarwa. Na farko sinadarin launi ne da masana ke kira antosayanin. Na biyu tanin, wato abin da Bahaushe ke kira bauri, wanda ke ɗaure baki idan an tauna goro ko ɗanyar kanya, kuma shi ne ƙarfin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita. Kamar yadda bagaruwa ke hana fata ruɓewa, haka bauri da tsami ke riƙe jar giya. Shi ya sa wasu na yankin Bodo a Faransa ke yin shekara ashirin ko talatin a kwalba, launinsu na komawa ruwan jan bulo, ƙamshin 'ya'yan itace na gushewa, na fata da ƙasa da taba na maye gurbinsa. Farar kuwa ba ta da bauri sosai, tsami ne jigonta. Mai tsami da yawa, irin ta inabin Riesling na Jamus, ita ke daɗewa, tana yin duhu har ta koma ruwan zuma. Duk da haka, mafi yawan abin da ake yi a duniya ba na dogon ajiya ba ne, shekaru kaɗan yake yi ya lalace.

To, jan zoɓo da baƙin inabi 'yan gida ɗaya ne ta wajen launi, antosayanin ne ke rina su duka. Kuma kowace mace na iya gwada halinsa ba tare da ta je ɗakin bincike ba. Ta ɗebi zoɓo a kofi biyu. Ta matsa lemun tsami a ɗaya, za ta ga ya ƙara haske, ya yi jawur. Ta ɗiga ruwan kanwa a ɗayan, nan take zai dushe, ya koma shuɗi-shuɗi ko baƙi-baƙi. Launin zoɓo yana tsaye ne a kan tsaminsa. Wadda ke zuba kanwa don ta rage tsami ta kuma rage kuɗin sukari, ta sani cewa ta taɓa abin da ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a cikinsa. Zoɓon da aka kashe wa tsami ya fi saurin lalacewa. Farin zoɓo ba shi da wannan rini, amma tsaminsa na nan cif, shi ya sa ɗan kaɗan ke tayar da miya.

Ƙamshi kuwa, zoɓo shi kaɗai ba gwani ba ne. Harshe abu biyar kawai yake rarrabewa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da garɗin nan irin na nama da daddawa. Sauran duk aikin hanci ne, shi ya sa mai mura ke cewa abinci ba ya masa daɗi. Abin da ke sa a ce zoɓon wance ya fi na wance yana cikin kanumfari da citta da masoro da ɓawon abarba da na'a-na'a. Man da ke cikin waɗannan kayan mai tashi ne, zafi na korarsa. Gwanaye kan jefa busasshiyar citta da kanumfari tun farko saboda suna jure wuta, su bar na'a-na'a sai an sauke, su kuma rufe tukunya. Duk ƙamshin da ya cika tsakar gida har maƙwabta suka ji, ya bar tukunyar ke nan. Garin kala da fulebon kanti ba sa kama ƙafar wannan haɗi, launinsu na tsayawa a harshen yaro, ƙamshinsu kuma ba ya wuce maƙogwaro.

Sai maganar ajiya. Zoɓo ba ya ƙara kyau da tsufa. Busasshe, idan an shanya shi a inuwa mai iska, aka zuba a buhu mai tsabta, aka ɗora a kan katako nesa da danshi, yana iya kai wata kakar. Amma kullum raguwa yake: jan na komawa ruwan ƙasa, ƙamshin na komawa na tsohuwar harawa. Mai saye ya murza shi a tafin hannu ya shinshina. Sabo yana da ƙamshin tsami mai kaifi, wanda ya sha danshi kuma warin fumfuna yake yi, kuma wannan ba na sha ba ne ko da an ba da shi kyauta. A cikin abin da sure ke bayarwa, daddawar batso ce kaɗai ke son kwanaki, ita ce sai ta ruɓa yadda ake so kafin ta yi garɗi.

Dafaffen zoɓo mai sukari kuwa ba shi da haƙuri ko kaɗan. A zafin bazara, inda babu firji kuma ƙanƙara ta yi tsada, wanda aka yi da safe ya kamata ya ƙare a ranar. Akwai ƙwayoyin yis a iska da jikin 'ya'yan itace da cikin gorar da ba ta wanku ba. Da sun sami sukari sai su fara ci, suna fitar da iska da barasa. Alamun a bayyane suke: gorar roba ta kumbura, a buɗe ta yi tsaki, kumfa ta taso, harshe ya ji wani ɗan yaji-yaji. Masanin Faransa Louis Pasteur ne ya yi wa wannan aiki cikakken bayani. Masu giyar ƙasarsa ne suka yi ta asara, ya bincika, ya gano cewa ƙananan halittu ne ke ɓata ta, kuma ɗumama ta na kashe su. A 1866 ya wallafa littafinsa a kan haka, kuma hanyar da ya fito da ita ce ake bi yau wajen tsare madarar kanti. Musulunci ya ja layinsa tun kafin nan da ƙarnoni da yawa. Ya zo a Sahihu Muslim daga Abdullahi ɗan Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, yana sha har yammacin rana ta uku, daga nan ba ya ƙara sha. Malamai sun ɗauki kumfa da tafasar da jiƙo ke yi da kansa a matsayin alamar ya juya. A zafin Anka na watan Afrilu, zoɓo ba ya jiran kwana ukun.

Duk waɗannan ido da hanci da harshe na iya kama su. Akwai wanda ba sa kamawa.

Tsamin da ke ƙawata zoɓo yana cin ƙarfe. Rumawan da, shekara kusan dubu biyu da suka wuce, suna dafa ruwan inabi har ya yi kauri kamar maɗi, marubutansu irin su Columella kuma suna ba da shawarar a dafa shi a tukunyar dalma, domin ta tagulla na ɓata ɗanɗano. Ba su san cewa tsamin na narkar da dalmar cikin abin shan ba. Abin tsoron shi ne, dalmar da ta narke a ruwan tsami zaƙi gare ta. A 1696, a garin Ulm na Jamus, wani likita mai suna Eberhard Gockel ya ga mutane na fama da murɗar ciki mai tsanani, wasu na shanyewa, wasu na mutuwa. Ya bi diddigi ya gano cewa 'yan kasuwa ne ke zuba garin dalma a giyar da ta yi tsami don ta yi zaƙi. A shekarar ne mai mulkin yankin Württemberg ya kafa dokar kisa a kan mai yin haka. A 1767 likita George Baker ya gano irin wannan cuta a Devon ta Ingila, inda ake matse ruwan tuffa a kayan da aka liƙe da dalma.

Mutanen Abare ba sa buƙatar a ba su labarin Turai kafin su san gubar dalma. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ankara da yawan sababbin kaburburan yara a 'Yargalma ta Bukkuyum da Dareta ta Anka. Duwatsun zinaren da ake kawowa gida a daka a turmi, ko a niƙa a injin irin na hatsi, cike suke da dalma. Ƙurar ta sauka a tsakar gida, a rijiya, a shanyar abinci, a hannun yaro mai rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. An kankare ƙasar gidaje a Abare da Sunke da Duza da Tungar Guru da Tungar Daji tsakanin ƙarshen 2010 da farkon 2011, aka zuba sabuwa, Bagega kuma sai a 2013. A 2022 MSF ta miƙa aikin ga ma'aikatar lafiya ta jihar. Amma haƙar zinare ba ta tsaya ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba shi da illa, musamman ga ƙwaƙwalwar yaro da ɗan da ke ciki.

Ta ina take shiga zoɓo? Ta wurin shanya, idan aka baza shi a ƙasa ko kusa da inda ake niƙa dutse. Ta turmi, idan wanda aka taɓa daka dutse a ciki ya dawo dakan citta da kanumfari. Ta ruwa, idan an ɗebo shi a kududdufin da ake wanke zinare, kuma tafasa ba ta kashe dalma, ruwan ne ke ƙafewa ita ta zauna. Sai ta tukunya. Tukwanen da maƙera ke zubawa, waɗanda ake kira na dalma, asalinsu alminiyum ne, amma daga tarkacen injuna da tsofaffin ƙarafa ake narko shi, kuma dalmar gaske kan biyo tarkacen. Wani bincike da aka wallafa a 2014 a kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya nuna cewa da an tafasa ruwa mai tsami a cikinsu, dalma na fitowa. Zoɓo da tsamiya da miyar sure duk masu tsami ne. Wannan ba zargi ba ne a kan maƙera, sana'arsu na rufa wa gidaje da yawa asiri, amma tukunyar tuwo daban, ta zoɓo daban.

Saboda haka, iyaye mata masu zoɓon gida da na sayarwa, musamman da azumi lokacin da kowane gida ke nemansa: a shanya zoɓo a kan tabarma ko bisa rumfa, a ɗauraye shi kafin a jiƙa. A tafasa ruwan rijiya mai tsabta ko na burtsatse da kayan ƙamshi, sannan a juye a kan zoɓon cikin ƙwarya ko kwanon ƙarfen da ba ya tsatsa, kada ya kwana a tukunyar zubi. A wanke goruna da sabulu, a bar tsintar na bola. Magidanta masu aikin dutse kuma su bar shi can bayan gari, su yi wanka su sauya tufafi kafin su shigo gida su ɗauki yara, turmin da ya taɓa dutse kada ya sake ganin abinci. Yaron da ya fara yawan amai, ko kasala, ko jijjiga, a garzaya da shi asibiti a kuma faɗa wa likita cewa gidan na kusa da aikin zinare, domin gwajin jini ne kaɗai ke nuna dalma.

Allah Ya jiƙan yaran da aka rasa, Ya raya waɗanda suke hannu.