Kula da Fankar Kwamfuta: Jawabi ga Jama'ar Kauru



Tun shekarar 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, saboda haka lafiyar wannan na'ura ta shafi kowane gida mai ɗalibi, daga Kauru har Kafanchan. A cikinta akwai 'yar fanka mai fitar da zafi. Ƙurar hunturu kan toshe ta, bazara ta tarar da ita a gajiye, sai kwamfutar ta ɗauke ana tsakiyar aiki.

Muna roƙon masu kula da kwamfutoci, in fanka ta soma gurnani, su kashe na'urar, su kai wa mai gyara. Kada a sa sabuwa sai girmanta da ƙarfin wutarta sun dace da na tsohuwar. Rigakafi ya fi magani.